Albarushi da Harsashi a Ƙasar Gwandu: Tarihin Ɗurin Bindiga da Hannu

Kafin harsashin kwanso ya iso ƙasar Gwandu, duk mai bindiga shi ke haɗa abin harbinsa. Yakan zuba albarushi ta bakin bindiga, ya danna da sandar ƙarfe, ya bi da dalma ko guntayen ƙarfe, sannan ya jira ƙyastu ya ba da wuta. Awon kuwa na ido ne da yatsa. Idan ɗurin ya yi kaɗan, harbin ba ya kai ko'ina. Idan ya yi yawa, bututun ya fashe a hannun mai shi. Haka aka san bindiga a garuruwa irin su Gwandu da Malisa da Kalgo, kuma irin wannan ɗuri bai ɓace daga hannun mafarauta ba har yau.

Jihadin da ya kafa masarautar Gwandu ba da bindiga aka yi shi ba. A Tabkin Kwatto a 1804, da kuma a Alwasa a 1805, inda jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka sha kashi kafin su kare Gwandu, baka da mashi da takobi ne suka yi aiki. Ko a 1826, lokacin da Bature Kilafaton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa yaƙin Konya a ƙasar Gobir, bindigogi 42 kacal ya ƙirga cikin dubban mayaƙa. Dalilin a fili yake. Kafin ɗan bindiga ya sake ɗuri, ɗan baka ya saki kibau da dama, ga shi damina tana lalata albarushi.

Al'amarin ya fara sauyawa ta kudu, ta kogin Kwara. Nufe tana cikin ƙasashen da ke bin Gwandu, kuma a zamanin Etsu Masaba, daga 1859 zuwa 1873, 'yan kasuwar Ingila sun riƙa shigo da bindigogi da gangunan albarushi Bida. Masaba ya riƙe wannan ciniki kam, bai bari kaya su wuce arewa yadda 'yan kasuwa suke so ba. Abin da ke isa Gwandu yakan zo ne cikin gaisuwa da kyauta, wato uwar ɗaki ta koma jiran abin da baranta ya ga damar aikowa. Wannan ya faru ne daidai lokacin da Gwandu take tsananin bukata, domin tun 1849 Kabawan Argungu suka tayar da kai a ƙarƙashin Yakubu Nabame, kuma fadamar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta zama fagen hari shekara da shekaru.

Samun bindiga bai kai ciyar da ita wuya ba. Albarushi na bukatar gawayi da farar wuta da wani gishiri da ake tacewa daga ƙasa. Gawayi yana ko'ina, amma farar wuta sai an sayo ta daga nesa, kuma albarushin gida bai cika yin ƙarfi ɗaya ba: na yau daban, na gobe daban. Shi ya sa gwaji ya zama rabin sana'ar. Maƙeri ba ya amincewa da sabon bututu sai an harba shi daga nesa an ga bai tsage ba, maharbi kuma sai ya san halin albarushinsa kafin ya tunkari dabba. Sarakunan da suka shawo kan wannan matsala su ne suka yi fice. Tanimu na Damagaram ya sa an haɗa albarushi an kuma zuba igwa a Zindar, sannan maƙeran Samori Ture a yamma sun ƙware wajen sake cika kwanson da aka riga aka harba.

A can Turai da Amurka kuwa an riga an yi nisa. Samuel Colt ya yi rajistar libarbarsa a 1836, kuma a 1857 kamfanin Smith & Wesson ya fito da ƙaramar libarba mai cin harsashin kwanso, wanda albarushi da dalma da matashin wuta duk suke haɗe wuri guda, an auna su tun daga masana'anta. Sojan Ingila sun ɗauki libarbar Webley a 1887, irin wadda hafsoshinsu suka shigo da ita ƙasar Hausa a ɗamara. Yarjejeniyar Birasels ta 1890 ta hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu tsofaffin masu ƙyastu da albarushin kasuwa. An ce don a kashe cinikin bayi aka yi haka, amma ribar ta koma ga mai neman cin ƙasa. Bida, wadda ta fi kowa tara bindiga a ƙasashen Gwandu, ta faɗi a Janairun 1897 gaban bindigar Maxim ta Kamfanin Neja na Ingila. Sakkwato ta bi a ranar 15 ga Maris, 1903.

Bayan zuwan Turawa, bindigar ɗuri ta bar fagen yaƙi ta koma farauta da tsaron gona da hawan salla, inda ake harba albarushi zalla don ƙara da hayaƙi. Dokar makamai ta 1959 ta ware ta a rukuni na daban mai lasisinsa, kuma a ƙarƙashinta libarba tana cikin makaman da ba a riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa. Haɗa harsashi ba da izini ba laifi ne a ƙarƙashin wannan doka, kuma tun 1964 aikin ƙera wa jami'an tsaro harsashi yana hannun masana'antar makamai ta gwamnati da ke Kaduna.