Ethel: Baƙon Sunan Da Ya Rasa Takwara A Zazzau

A 1959 kamfanin Gaskiya da ke Zariya ya buga wani ɗan littafin Turanci mai suna Change Here for Kano. Marubuciyarsa ita ce Ethel Miller. Duk wanda ya san tarihin Wusasa ya san Miller, wato Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna cikin birnin Zazzau tun 1905, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa wajen 1929. Ethel 'yar'uwarsa ce, ita ma aikin mishan ya kawo ta Arewa. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne sunan nata. Bahaushe ba ya ƙyashin yi wa mutum takwara, amma ka zaga Wusasa, ka bi Tudun Wada har Sabon Gari, za ka ji Saratu da Rifkatu da Hannatu, za ka ji Grace da Mercy, da wuya ka ji an kira Ethel.

Asalin sunan daga tsohon Turanci yake, na kafin 1066, kuma ma'anarsa mai asali, ko jinin sarauta. A wancan zamani ba ya tsayawa shi kaɗai. Rabin suna ne da gidajen sarauta ke liƙa wa 'ya'yansu, maza da mata: Sarki Ethelred, Sarki Athelstan, da waliyyiyar Kiristoci Etheldreda ta garin Ely wadda ta rasu a 679. Wadda ta fi burge ni a cikinsu ita ce Ethelfleda, 'yar Sarki Alfred, wadda ta mulki ƙasar Mercia daga 911 zuwa 918, ta jagoranci mayaƙa, ta kewaye garuruwa irin su Tamworth da Warwick da ganuwa. Bazazzagi in ya ji wannan, Sarauniya Amina za ta faɗo masa a rai.

Da Normawa suka ci Ingila a 1066, sai suka zo da nasu sunayen, tsofaffin suka yi ta dusashewa. Wanda ya tsira ma sai da baki ya tauna shi: Etheldreda ce ta koma Audrey.

Bayan shekaru kusan 800 marubutan ƙagaggun labarai suka tono shi. Thackeray ya sa wa wata budurwa Ethel a littafinsa The Newcomes na 1855, Charlotte Yonge ta bi sahu a The Daisy Chain na 1856. Iyaye suka karanta, suka yi ta raɗa wa 'ya'yansu mata. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 sunan ya cika Ingila, a Amurka kuma ya shiga cikin goma na gaba. An haifi Walter Miller a 1872, ke nan gidansu ya faɗo daidai lokacin yayin. Iyayen Ethel sunan zamani suka ba ta, kamar yadda ake rububin wasu sunaye a Kano yau saboda an ji su a fim.

To, me ya hana shi kama ƙasa a nan? A ganina ɗan'uwanta ne ya rufe masa ƙofa ba da niyya ba. Likita Miller na kan gaba cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga shi cikakke a 1932. Kiristocin Hausa suka tarar da sunayen da kunnensu ya riga ya saba da su ta hanyar maƙwabtansu Musulmi: Maryamu, Saratu, Ishaku, Yakubu. Dubi Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, da Farfesa Ishaya Audu. Ethel kuwa babu shi a Attaura, babu shi a Linjila, ba sunan matar wani annabi ba ne, kuma ba ya ɗauke da wata addu'a da mai jin Turancin makaranta zai gane, yadda ake gane Grace. Ga kuma sautin th na tsakiyarsa, mai sa a cije harshe, wanda babu shi a Hausa. Kakar da za ta goya jaririya sai dai ta ce Etal, ko ta haƙura ta kira ta Ladi don ranar Lahadi aka haife ta.

Lokaci ma bai taimaka ba. Sa'ad da 'yan boko suka fara sha'awar sunayen Turawa, shi wannan ya riga ya zama sunan tsofaffi a can gidansu. Fitattun masu shi sun yi ta ƙarewa: mawaƙiya Ethel Merman a 1984, sai Ethel Kennedy, matar Sanata Robert Kennedy, a Oktoban 2024 tana da shekara 96. 'Yan'uwansa na jini ne suka ci gaba da yawo, don Alice da Adelaide duk daga saiwa ɗaya suka tsiro, ta ɓangaren Jamusanci, kuma Alice ɗin ana jin sa a coci-cocin Kudancin Kaduna da Filato har gobe.