Digirin Digirgir a Kimiyyar Siyasa da Bukatun Karkarar Kudancin Katsina

Sharuɗɗan samun digirin digirgir a fannin kimiyyar siyasa kusan iri ɗaya ne a jami'o'in Nijeriya, domin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ke shimfiɗa mafi ƙarancin ƙa'ida. Ɗalibi zai zo da digiri na biyu mai kyakkyawan sakamako, ya shafe aƙalla shekara 3, ya ci kwasa-kwasan ra'o'in siyasa da dabarun bincike, ya kare tsarin bincikensa a gaban malaman sashe, ya gabatar da muƙalu, sannan ya kare kundinsa a gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, tsarin yana gwada sanin littafi sosai, amma bai isa ya tabbatar ɗalibi ya fahimci siyasar yanki irin na Funtuwa da Malumfashi ba.

Dalili kuwa shi ne, mulki a wannan yanki yana tafiya ne ta hanyar gona. Wanda yake son ya san mai faɗa a ji a Bakori, Danja ko Ƙafur, sai ya bi diddigin wanda ke raba takin zamani da wanda ke ba manomi bashi kafin kaka. Sai ya san dalilin da ya sa manoma da yawa suka bar auduga suka rungumi masara da waken suya, da yadda farashi a kasuwar Dandume ke sauya lissafin magidanci. Sai ya fahimci yadda Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta haɗu da gado, aro da jingina a hannun dagatai da masu unguwanni. Rashin tsaron da ya addabi Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, inda aka sace ɗalibai fiye da 300 a Disambar 2020, shi ma yana da jijiya a rigingimun burtali da makiyaya. Waɗannan tambayoyi na tattalin arzikin noma ne, da tarihi, da nazarin halayyar al'umma, kuma dukansu siyasa ce.

Tarihin bincike a yankin ya goyi bayan wannan. Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga tsakiyar shekarun 1970, ya jawo muhawara mai zafi a Jami'ar Ahmadu Bello kan ko manyan manoma ne suka fi cin moriyarsa. Bjorn Beckman, masanin siyasa a Zariya, ya rubuta littafi tare da Gunilla Andrae a 1985 kan alkama da burodi, inda suka nuna yadda manufar abinci ke ɗaure ƙasa. Paul Clough ya zauna a ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi yana nazarin fatauci da bashi. Yusufu Bala Usman ya bibiyi sauye-sauyen sarauta a Katsina daga 1400 zuwa 1883. Babu ɗaya daga cikinsu da ya tsaya a iyakar sashe guda.

Saboda haka, ya kamata jami'o'in Zariya, Katsina da Dutsin-Ma su gyara sharuɗɗansu ta fuska 3. Na farko, a wajabta wa ɗalibi kwas da jarrabawa a wani fanni na biyu da ya dace da bincikensa. Na biyu, kwamitin duba aikinsa ya ƙunshi malami daga wajen sashe, misali daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Na uku, a gwada iya hira da Hausa da karanta ajami, kuma a bukaci zaman bincike da ya ratsa damina da kaka, maimakon takardun tambayoyi da ake rabawa cikin mako guda.

Masu adawa za su ce hakan zai tsawaita karatu, ya raunana asalin fannin, ga tsada, ga haɗarin shiga daji. Maganar tsada da tsaro gaskiya ce, kuma nauyi ne a kan jami'o'i da asusun TETFund su ɗauki kuɗin binciken, su kuma tsara inda ɗalibi zai iya zama lafiya. Amma fargabar raunana fanni ba ta da tushe, muddin jarrabawar ra'o'in siyasa na nan da tsaurinta. Waɗannan daktocin ne gobe za su koyar, su ba gwamnati shawara kan taki, ƙasa da sulhu. Idan aka ba su shaida alhali ba su san yadda manomi ke samun gona da bashi ba, manomin ne zai ɗanɗana kuɗar gurguwar shawararsu.