Majina, Hazo da Sanƙarau

Tun zamanin da ayarin fatake ke ratsa ƙasar Fezzan, su bar Sabha da Murzuk su bi ta Agadas har Kano, matafiyi ya san ba a shiga iskar Sahara sai da amawali a kan hanci, ko da bai san ainihin abin da yake karewa ba. Likitocin da ma haka suke, domin sun shafe fiye da shekara dubu a kan ra'ayin Galen cewa majina daga ƙwaƙwalwa take gangarowa, har zuwa 1660 da Conrad Schneider na Wittenberg a Jamus ya nuna cewa fatar cikin hanci ce ke samar da ita.

Daga nan aka fara daraja abin da ake ƙyama. A 1922 Alexander Fleming ya bayyana cewa a cikin majina akwai sinadarin da ke narkar da wasu ƙwayoyin cuta, sannan bincike ya tabbatar da cewa kusan dukkanta ruwa ce, abin da ke riƙe ruwan kuwa shi ne musin: dogon furotin ne wanda sarƙoƙin sukari suka lulluɓe, yana tsotse ruwa ya kumbura ya yi yauƙi irin na miyar kuɓewa. A wannan yauƙin ƙura da ƙwayoyin cuta ke maƙalewa, ƙananan gasun da ke cikin hanyar numfashi su yi ta tura su zuwa maƙogwaro.

Ƙasar Hausa ta ga muhimmancin wannan a jikinta. A 1963 likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya shata yankin sanƙarau a kudu da Sahara, inda cutar ke tashi da rani, ta lafa da saukar damina. Masana da dama na ganin cewa hazon hunturu da bushewar iska su ke raunana wannan rufin hanci da maƙogwaro, har ƙwayar da mutum ke ɗauke da ita lafiya lau ta samu ƙofar shiga jini. A 1996 annobar ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000, kuma Kano na cikin inda ta fi tsanani.

Sai a Disambar 2010 aka soma gangamin allurar rigakafin sanƙarau ta MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, Najeriya ta biyo baya a 2011, nau'in A na cutar ya kusan ɓacewa. Sauran nau'o'in suna nan, don haka mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya lokacin hazo, a garzaya da shi asibiti ranar nan.