Bidiyon taƙaita lokaci

Bidiyon taƙaita lokaci, wanda masu ɗaukar hoto ke kira taim-lafs, nau'in bidiyo ne da ake haɗawa daga hotunan da aka ɗauka ɗaya bayan ɗaya da tazara a tsakaninsu, sannan a nuna su a jere cikin sauri. Ta haka abin da ke ɗaukar sa'o'i ko kwanaki, kamar buɗewar fure, tafiyar gajimare ko aikin gini, yake wucewa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Daga cikin misalansa na farko akwai fim ɗin The Birth of a Flower na F. Percy Smith, ɗan ƙasar Ingila, wanda ya fito a 1910.

Adadin firam

Firam shi ne hoto guda a cikin bidiyo. Finafinan silima suna amfani da firam 24 a daƙiƙa. Talabijin a Turai da yawancin ƙasashen Afirka, har da Najeriya, yana amfani da 25, Amurka da Japan kuma kusan 30.

Adadin da aka zaɓa shi ke nuna tsawon bidiyon. Idan aka ɗauki hoto duk bayan daƙiƙa 5 na tsawon sa'a ɗaya, za a samu hotuna 720. A kan firam 24 za su ba da bidiyon daƙiƙa 30, a kan firam 30 daƙiƙa 24, a kan firam 60 kuwa daƙiƙa 12 kacal. Shi ya sa ake yin wannan lissafi tun kafin a kafa kyamara.

Matsewa

Firam ɗaya mai fiksil 1920 × 1080 da ba a matse ba yana cin kusan megabait 6, wato sama da megabait 150 a kowace daƙiƙa a kan firam 25. Don rage wannan nauyi ake amfani da tsarin matsewa da ake kira kodek. Fitattu sun haɗa da H.264 na 2003, da H.265 na 2013, da AV1 na 2018 wanda ba a biyan kuɗin lasisinsa. MP4 da MOV ba kodek ba ne, mazubi ne da ake ajiye bidiyon a ciki.

Waɗannan kodek uku suna adana cikakken firam jefi-jefi, sauran kuma su rubuta bambancin da ke tsakaninsu kawai. A bidiyon taƙaita lokaci bambancin yana da yawa, domin ganye, mutane da haske duk sun sauya kafin a ɗauki hoto na gaba. Saboda haka yakan buƙaci bit da yawa a daƙiƙa fiye da bidiyon yau da kullum, in ba haka ba hoton ya fito da dabbare-dabbare. Sararin sama ma yakan fito layi-layi a tsarin launi mai bit 8, wanda ke da matakai 256 ga kowane launi. Mai bit 10 yana da matakai 1024, don haka yana rage matsalar.

Zaɓin tsari

Wajen tacewa da ajiya an fi son ProRes, na kamfanin Apple, wanda ya fito a 2007, domin yana matse kowane firam shi kaɗai, ko da yake fayil ɗinsa na da girma. Wajen ɗorawa a intanet kuwa H.264 a mazubin MP4 ya fi yaɗuwa, saboda kusan kowace waya da kwamfuta tana iya buɗe shi.