Ciwon suga: yadda yake lalata jijiyoyin ido da na ƙoda

Mafi yawan illar ciwon suga tana faɗawa ne kan jijiyoyin da jini yake bi. Kowace jijiyar jini, babba ko ƙarama, tana da wata siririyar shimfiɗa a cikinta wadda likitoci ke kira endotelyum. Ita ke tantance abin da zai fita daga jini zuwa sassan jiki, tana hana jini daskarewa, tana kuma fitar da sinadarin nitrik oksid mai sa jijiya ta saki. Gano aikin wannan sinadari ne ya sa aka ba masana uku na Amurka, Robert Furchgott, Louis Ignarro da Ferid Murad, kyautar Nobel a 1998.

Idan suga ya daɗe yana da yawa a jini, yana manne wa sinadaran da suka gina jijiya, nitrik oksid ya ragu, shimfiɗar ta kumbura ta fara yoyo. Hawan jini, yawan kitse a jini da shan taba suna ƙara saurin ɓarnar. Ƙananan jijiyoyin ido da na ƙoda na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

A cikin ido

A bayan ƙwayar ido akwai tantanin da ke karɓar haske, wato retina. Jijiyoyinsa da suka raunana suna yin ƙananan ƙulli, suna zubar da ruwa da jini. Idan ruwan ya taru a tsakiyar tantanin, gani ya dusashe, karatu da gane fuska su yi wuya. Inda jijiyoyi suka toshe, ido yana tsiro da sababbi marasa ƙwari. Su ne kan fashe su cika ido da jini, ko su janye tantanin daga mazauninsa har a makance. Ana magance su da hasken leza ko allura a cikin ido, amma ganin da ya riga ya tafi ba kullum yake dawowa ba.

A cikin ƙoda

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, kowannensu dunƙulen jijiyoyi ne. Idan suka lalace, sinadarin albumin, wanda ya kamata ya zauna a jini, sai ya riƙa zurarewa cikin fitsari. Wannan ita ce alamar farko, kuma gwaji ne kaɗai ke nuna ta. Kumburin ƙafa, fitsari mai kumfa da kasala sai daga baya suke zuwa. Idan ƙoda ta gaza gaba ɗaya, sai wankin jini da na'ura, irin wanda ake yi a asibitin Lamorde da ke Yamai, ko dashen ƙoda.

Rigakafi

Ɓarnar tana iya ɗaukar shekaru ba ciwo ba raɗaɗi, shi ya sa ba a jiran alama. Ana tabbatar da ciwon idan suga ya kai giram 1,26 a litar jini kafin a karya kumallo, a gwaji biyu. Babban mutumin da aka gano yana da nau'i na biyu ya kamata a duba cikin idonsa da albumin a fitsarinsa tun lokacin, sannan kowace shekara. Mai nau'i na farko yakan fara bayan shekara 5.

Binciken DCCT da aka fitar a 1993 ya nuna cewa riƙe suga da kyau ya rage haɗarin kamuwa da ciwon tantanin ido da kashi 76 cikin 100 ga masu nau'i na farko. Rage gishiri, barin taba da shan maganin hawan jini a kan kari suna kare ƙoda. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diklofenak, waɗanda ake saya a hannun masu talla, suna iya ƙara mata lahani, don haka mai ciwon suga ya tuntuɓi likita kafin ya sha su.