Yadda Silima Ta Sami Baki

A da can silima bebiya ce. Ana ganin mutane suna motsa baki, amma ba a jin komi. Sai a rubuta maganarsu a jikin allo. Wanda bai iya karatu ba, sai na kusa da shi ya karanta masa.

A 1927, a Amurka, kamfanin Warner ya fito da fim mai suna The Jazz Singer. Mawaƙi Al Jolson ya buɗe baki, ƴan kallo suka ji waƙarsa. Muryar tana cikin faifai, ana juya shi tare da hoton. Daga nan masu fim suka rungumi waƙa da rawa.

A 1931 Indiya ta yi nata, Alam Ara, mai waƙoƙi 7. Daga baya ƴan Labanan suka riƙa kawo finafinan Indiya a silimomin Kano, Hausawa suka so su ƙwarai. Nan finafinan Hausa suka gaji waƙa da rawa, waɗanda muke kallo a waya a Tasawa da Mayahi.

Amma Alam Ara ya ɓace, ba a san inda ko guda ya rage ba. Jama'a, mu da muka iya biro, mu rubuta waƙoƙin tsofaffinmu tun suna da rai.