Daga gidan waya zuwa layi biyu a aljihu: shin hannun gwamnati a harkar salula riba ne gare mu ko asara?

A duk lokacin da muka buɗe layi a shirinmu, sai wani ya kira da kuka iri ɗaya: an cinye masa kiredi, ko forfensa ya ƙare bai ga abin da ya yi da shi ba. Wasu su ce gwamnati ta tsawata wa kamfanoni, wasu su ce a'a, ita ce ma ke ƙara mana tsada. Kafin mu yanke hukunci, bari mu waiwaya baya.

Mu da muka taso a shekarun 1990 mun san lokacin da talho na gwamnati ne ita kaɗai. Sai a gidan waya ko ofishin manya ake ganinsa. Mai ɗa a Legas sai ya ɗauki muryarsa a kaset ya ba direba, rasuwa kuma sai a kai sanarwa rediyo. A 1997 aka kafa SONITEL, amma talakan Bande ko Wacha bai ga sauyi ba.

Sauyin ya zo ne ta hanyar doka. A 1999 gwamnati ta buɗe fagen sadarwa ga ƴan kasuwa, ta kuma kafa hukumar sa ido mai suna ARM, wadda ta koma ARTP a 2012, sannan ARCEP a 2018. A 2001 Celtel ta fara aiki, ita ce ta zama Zain, daga baya Airtel a 2010. Telecel ta zama Moov. Orange ta shigo a 2008, kuma a 2019 ta sayar da reshenta, ya zama Zamani. A wannan karon hannun gwamnati ya yi mana rana, kuma akwai shaida. Wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Wato ɗan kasuwar gero ya daina ɗora buhu a mota bisa jita-jita. Sai ya kira ya ji nawa tiya take kafin ya tashi.

Mu mutanen iyaka muna da wata dama da ƴan Yamai ba su da ita: muna kallon ƙasashe biyu lokaci guda. Da yawanmu layi biyu ne a aljihu, na Nijar da na Najeriya, saboda ciniki da zumunci a Babura, Maigatari da Daura. Can ma a 2001 aka yi gwanjon lasisi, MTN da Econet suka fara. Suna cajin minti cikakke ko da gaisuwa kawai ka yi, har sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa, sauran suka bi dole. Darasin a fili yake: idan hukuma ta bar sabon mai gasa ya shigo, mai saye ne ke cin riba.

To amma ba kullum ake kwana a gado ba. A ƙarshen 2001 an sayar da kashi 51 cikin ɗari na SONITEL ga haɗakar kamfanin ZTE na Sin da LAAICO na Libiya. Alkawuran ba su cika ba, har gwamnati ta karɓe abinta, ta haɗa shi da SahelCom a 2016 aka samu Niger Télécoms. Shekaru sun tafi a banza, mu kuwa muna hawa tudu neman rezo.

Sai batun haraji. Kasafin kuɗin 2018 ya soke harajin kiran da ke shigowa daga waje, wanda ake kira TATTIE, ƴan farar hula suka fito zanga-zanga suna cewa an yi wa kamfanoni gata an ɗora wa talaka nauyi. A kasafin 2019 aka dawo da shi. A ƙarshen 2018 kuma hukumar haraji ta rufe ofisoshin Orange da Airtel saboda bashin miliyoyin dubbai. Ku lura, jama'a: kira daga waje, ai ɗanka ne da ke ci-rani yake kiran gida. Duk harajin da aka ɗora a kai, a ƙarshe daga guminsa yake fita.

Mafi kusa da mu shi ne na farkon 2023. ARCEP ta sa farashin da kamfani ba zai sauka ƙasa da shi ba, wai don kada babba ya karya ƙarami. Washegari mega ya yi tsada. Matasa suka yi ca a Facebook, aka yi kiran ƙaurace wa kamfanoni, ba a jima ba aka janye matakin. Kada kuma mu manta da Fabrairun 2021, lokacin da aka katse intanet na salula kusan kwana goma bayan zaɓe. Mai jiran saƙon kuɗi da mai sayar da kaya ta WhatsApp su suka ji a jika.

Ba mu ce hukumar ba ta taɓuka komai ba. A 2017 ta ci kamfanoni huɗu tarar sama da miliyar 3 na sefa saboda rashin ingancin rezo, a 2023 ta sake cin su fiye da miliyar 4. Madalla. Amma mu tambayi kanmu: cikin waɗannan kuɗi, dala nawa ta dawo wa tsohuwar Dogo-Dogo da kiranta ya yanke sau uku aka kuma cire mata kiredi? Haka yarjejeniyar da ƙasashen AES suka sa wa hannu a 2024 ta cire kuɗin ƙari ga mai tafiya da layinsa Bamako ko Wagadugu. Abu ne mai kyau, sai dai mu nan ƙafarmu Kano ta fi nufa.

Abin da tarihin nan ya nuna mana shi ne, ba shigar gwamnati ce matsala ba, ina ta dosa in ta shigo. In ta buɗe ƙofa ga masu gasa, ta tilasta a kafa antena a ƙauye, ta sa a mayar wa mutum abin da aka ci masa, mun amfana. In kuwa baitulmali ko ribar kamfani ta sa a gaba, mu ne ke biya. Kuma ba a taɓa janye matakin da ya cuce mu ba sai da muka yi magana da murya ɗaya.

Saboda haka ku rubuto mana sunan garinku da yadda rezo yake a can. Za mu tattara mu karanta a shiri, mu miƙa wa wakilanmu. Allah Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.